Ku Duba Lambar da ke Bayan Murfin Tanki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da masu motoci, musamman waɗanda Allah ya hore wa motar da injinta ke da ƙarfi, irin masu turbo da waɗanda aka ƙera domin gudu. Ni makanike ne. Na shafe fiye da shekara talatin ina kwance injin ina ɗaurawa, tun zamanin kabireta da distiributa har zuwa yau da sai an jona kwamfuta kafin a taɓa sifana. Ban saba rubuta wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani fistan ne da ke ajiye a kan teburin aikina mako uku ke nan, na kasa jefar da shi.

Daga injin wani matashi na ciro shi. Silinda huɗu, lita biyu, da turbo, kuma motar ba ta ci kilomita dubu sittin ba. Yaron ba ya wasa da motarsa: yana canza baƙin mai a kan lokaci, ba ya barin ruwa ya ragu a lagireto, ko ƙura ba ta kwana a jikinta. Ya kawo mini ita tana kakkarwa tana hayaƙi, ƙarfinta ya tafi. Na gwada matsin silindojin, uku lafiya lau, ɗaya babu komai. Da muka ciro fistan ɗin sai ga gefensa ya ɓalle, daidai dandamalin da ke tsakanin zobe na farko da na biyu, samansa kuma ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar an yi ta watsa masa yashi da ƙarfi. Farin tangaran na bakin fulogi ya tsage. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, me na yi mata?" Na kama hannunsa muka zaga bayan motar, na buɗe murfin tanki, na nuna masa 'yar takardar da ke manne a ciki. An rubuta lambar oktan ta fetur ɗin da motar ke bukata: 98, a ƙasa kuma an ce mafi ƙaranci 95. Shekara biyu yana buɗe murfin nan kowane mako, bai taɓa karanta ta ba. Daga baya ya faɗa mini sauran labarin: ya kai wa wani ya taɓa kwamfutar motar aka ƙara wa turbo matsi, fetur kuma duk wanda ya samu shi yake zubawa, sai ya bi shi da 'yar kwalbar nan da ake cewa tana ƙara oktan.

Yawancin mutanen da nake hira da su a gareji sun ɗauka lambar oktan ma'aunin ƙarfin fetur ce, wato 98 ya fi 91 wuta. Daga wannan fahimtar ɓarnar ke somawa. Ƙarfin da ke cikin litar fetur mai lamba 91 da na mai lamba 98 kusan ɗaya ne. Abin da lambar ke aunawa haƙurin man ne: yawan matsi da zafin da zai jure ba tare da ya kama da wuta da kansa ba, har wutar fulogi ta iso gare shi.

Ga abin da ke faruwa a cikin silinda. Fistan ya sauka ya jawo iska da fetur, ya sake hawa ya matse su. Idan aka ce matsin injin 10 ne, ana nufin abin da ya cika wuri goma an cusa shi cikin wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke da famfon hannu ya san bututun yakan yi zafi, to haka iska take idan an matse ta. Dab da fistan zai kai ƙololuwa sai fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakinsa tana bazuwa zuwa bango kamar yadda gobara ke cin busasshiyar ciyawa, daga kusa zuwa nesa, kuma duk abin ba ya wuce ƙiftawar ido, ko ma ƙiftawar ta fi shi daɗewa. Sai dai yayin da wutar ke tafiya, tana ƙara matse ragowar man da ke can gefe tana ƙara masa zafi. Idan mai haƙuri ne, zai jira har wutar ta iso ta cinye shi cikin tsari, fistan ya sami turi mai santsi. Idan haƙurinsa ya gaza, sai ya fashe gaba ɗaya lokaci guda. Girgizar fashewar tana kai da komowa tsakanin bangon silinda sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ita ce ƙarar da kunne ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda nake kira ƙwanƙwasa. Girgizar nan tana share siririn lulluɓin iskar da ke kare fuskar fistan daga zafin wutar, sai zafi ya shiga alminiyon kai tsaye, ga kuma dukan guduma a kai a kai. Daga nan zobe ke karyewa, gaskit ya ƙone, gefen fistan ya ɓalle kamar na kan teburina.

A nan ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Idan muka ce injin ya buga, muna nufin baƙin mai ya ƙare ko ya kasa zagayawa, ƙarfe ya ci ƙarfe har komai ya cije. Ƙwanƙwasar da nake magana a kai daban ce, a ɗakin wuta take faruwa, kuma mota tana iya yin wata da watanni tana yinta tana tafiya, mai ita bai sani ba.

Me ya sa injin mai ƙarfi ya fi shiga wannan hatsari? Saboda ta hanyar matsi yake samun ƙarfinsa. Masu ƙira suna da hanya biyu: ko su ƙara matsin fistan, ko su sa turbo ya tura ƙarin iska. Turbo da ke tura matsin "bar" ɗaya, a ma'aunin matsin iska, yana kusan ninka iskar da ke shiga silinda, kuma iskar da ya matso da zafinta take zuwa, shi ya sa ake bi da ita ta wani ƙaramin lagireto ta huce kafin ta shiga. Injin irin wannan a bakin gaɓa yake aiki da gangan, kuma lambar da aka rubuta a murfin tanki tana cikin lissafin da ya hana shi faɗawa. Matashin nan da ya ƙara wa turbo matsi ya matso da injin kusa da gaɓar, sannan ya rage lambar man. Ta gaba da ta baya ya ci shi.

Matsalar ta girmi dukkanmu. Tun wajen Yaƙin Duniya na Farko injiniyan Ingila Harry Ricardo yake binciken dalilin ƙwanƙwasa, ya kuma nuna cewa irin man ne ke iyakance matsin da injin zai ɗauka. A 1927 wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, ya kawo ma'aunin da muke amfani da shi har yau. Ya ɗauki sinadarai biyu: ɗaya mai tsananin haƙuri, aiso-oktan, aka ba shi maki 100, ɗaya kuma mai saurin fashewa, heptan, aka ba shi sifili. Idan aka ce fetur 95 ne, ana nufin a injin gwaji yana jure matsi daidai da cakuɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun. Ke nan lambar kwatance ce, ba ta faɗin abin da aka zuba a cikin man.

Inda na fi ganin mutane masu hankali suna ruɗewa shi ne lambar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Gwaji biyu ake yi wa fetur a injin gwaji mai silinda ɗaya. Na farko, RON, ana yin sa a juyi 600 a minti, cikin sauƙin yanayi. Na biyu, MON, ana yin sa a juyi 900 tare da ɗumama cakuɗin, don haka lambarsa takan fito ƙasa da ta farko da kamar maki takwas zuwa goma. Turai da yawancin duniya RON suke rubutawa a jikin famfo. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu, su kira shi AKI. Saboda haka 87 na Amurka yana daidai da wajen 91 ko 92 a lissafin RON, 91 nasu wajen 95 ne, 93 nasu kuma wajen 98. To a duba: mutum ya sayi motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, littafinta ya ce 91, ya je gidan mai ya ga 91 a lissafin RON, ransa ya yi fari ya cika tanki. Alhali motar 95 take nema, ya rage mata maki huɗu cur bai sani ba. Na ga wannan ya faru ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ga mutanen da suka karanta littafin motarsu da kyakkyawar niyya. Kafin ka yarda da lamba, ka nemi haruffan da ke gefenta.

Akwai masu ce mini, "Ai motar zamani ce, kwamfutarta tana gyara komai." Akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiyar ce ke yaudarar mutane. Lokacin da nake koyon aiki, maigidana yakan sa ni a gefensa mu hau gangare da babbar giya, ya taka totur, ya ce in kasa kunne. In muka ji tsakuwar nan, mu tsaya, ya sassauta distiributa ya juya ta kaɗan domin jinkirta tartsatsin fulogi, mu sake hawa, har sai ta yi shiru. Yau an sa wa injin kunnensa na kansa, wata 'yar na'ura da ake ɗaurewa a jikin bulo, tana jin girgizar ƙwanƙwasa ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma sau da yawa haka ne. Amma kunnen sai an ƙwanƙwasa yake ji, wato dukan farko ya riga ya sauka. Jinkirin da kwamfuta ke iya yi kuma yana da iyaka. Sannan jinkirin kansa ba kyauta ba ne: wutar da aka kunna a makare tana ƙarasa ci ne a bakin ƙofar fita, sai bawul ɗin hayaƙi da turbo da matatar hayaƙin da ke cikin salansa su ɗauki zafin da ba nasu ba. Domin ta sanyaya su, kwamfuta takan ƙara fesa fetur fiye da bukata. Sakamakon, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, abin da mai mota yake zaton ya tsimi a famfo ya fita ta salansa. Tsarin an yi shi ne domin ya cece ka ranar da ka faɗa wa mai maras kyau a hanya. Ba a yi shi domin ka mai da shi abin dogaro na kullum ba.

Kamfanonin da kansu ba su ɓoye wannan. Lokacin da Mazda ta fitar da injinta mai lita 2.5 da turbo a motar CX-9 ta 2016, ta rubuta lamba biyu: ƙarfin doki 250 idan an zuba 93 na Amurka, 227 idan an zuba 87. Injin ɗaya, ƙarfe ɗaya, doki 23 sun tafi saboda kwamfuta ta ja da baya. Wannan injin an tsara shi ya karɓi duka biyun lafiya. Shi ya sa nake roƙon masu mota su lura da kalmar da littafin ya yi amfani da ita. Wani littafin shawara yake bayarwa, wato in ka zuba ƙaramar lamba ƙarfi ne kawai zai ragu. Wani kuma wajabtawa yake yi, kuma idan ya wajabta, babu zancen gwadawa.

Zan yi rashin adalci idan ban juya ɗaya gefen ba. Mai ƙaramar motar da aka ƙera domin 91, idan ya zuba mata 98, babu abin da zai ƙaru. Injin da ba ya kai man ga iyakar haƙurinsa ba shi da abin yi da ƙarin haƙuri. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016, ba ta ga wani ƙari na a zo a gani ba a ƙarfi, ko a tsimin mai, ko a tsabtar hayaƙi. Masu cewa babbar lamba tana wanke injin suna haɗa abu biyu ne: wanki aikin sinadaran tsabtacewa ne da ake zubawa a fetur, kuma ba su da alaƙa da oktan.

Wani abin da littafi ba ya cika bayyanawa shi ne bukatar injin tana hawa tana sauka. Ranar zafi, iskar da ke shiga da ɗuminta take shiga, saura kaɗan ta kai inda man zai gaza. Motar da ta daɗe a cunkoso, ƙaramin lagireton turbo ya jiƙe da zafi, sai hanya ta buɗe direba ya take totur har ƙasa: wannan daƙiƙar ita ce mafi hatsari a yinin. Haka kaya mai nauyi, haka hawan tudu. Injin da ya tsufa kuma baƙin gawayi yakan taru a kan fistan da rufin ɗakin wuta, ya rage wurin, ya ƙara matsi, ya riƙe zafi, sai ka ga motar da take lafiya da 91 a sabunta yanzu tana kuka da shi. Fulogin da ba nasa ba, mai riƙe zafi fiye da ƙima, shi ma yana iya zama garwashin da zai kunna man tun kafin tartsatsi, kuma wannan ya fi ƙwanƙwasa muni, yana iya huda fistan cikin ɗan lokaci. A wurare masu tsayi iska ba ta da kauri, shi ya sa a jihohin duwatsu na Amurka irin su Kolorado ake sayar da 85. Amma turbo yana cike giɓin iskar, don haka mai turbo ba shi da rabo a wannan rangwamen.

Akwai kuma wata sabuwar cuta da ban san ta ba sai da ƙananan injuna masu turbo, masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, suka yawaita. Direba yana cikin babbar giya, injin yana juyi a hankali, sai ya take totur da ƙarfi. Ɗigon baƙin mai da ya gauraya da fetur ya kama da wuta kafin lokaci, fashewa ɗaya tak tana iya fasa fistan. Babbar lambar oktan kaɗai ba ta maganinta, domin an gano cewa irin sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu. Dalilin haka aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai mai suna API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Mai irin wannan injin ya duba waɗannan haruffa a jikin galan, kuma ya koyi sauke giya kafin ya nemi ƙarfi. Injin da ke juyi da walwala ya fi wanda ake danne wa wuya a ƙasa kwanciyar hankali.

Yanzu ga 'yar kwalbar. Ita ta fi ba ni takaici, domin ita ce ta sa matashin nan ya saki jiki. Da yawa daga cikinsu ana rubuta cewa suna ƙara maki kaza, amma makin nasu kashi ɗaya cikin goma ne na lamba guda. Kwalbar da ta yi alkawarin maki goma, daga 91 zuwa 92 za ta kai ka, in ma ta cika alkawarin, kai kuma 98 kake nema. Waɗanda suka fi tasiri sukan ƙunshi sinadarin manganis, kuma ina gane mai amfani da su da zarar na kwance fulogi, domin bakinsa yakan rine ya yi ja-ja kamar tsatsa. Tokar nan ba a fulogi kaɗai take tsayawa ba, tana bin hayaƙi ta zauna a kan na'urar auna iskar salansa da matatar hayaƙi.

Wasu kuma sun ji labarin tolwin, wanda ake samu a cikin wasu sinadaran tsinka fenti, suna zubawa a tanki. Gaskiya ne oktansa ya haura 100, kuma gaskiya ne injin Honda da ya ci tsere 15 cikin 16 na gasar Formula 1 a 1988 man da yake sha kashi 84 cikin ɗari tolwin ne. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne sai da injiniyoyin suka riƙa ɗumama man kafin ya shiga injin, domin ba ya saurin zama tururi, kuma duk bututu da robar motar domin shi aka zaɓe su. Motar hanya ba haka take ba, kuma abin da ke cikin gwangwanin mai fenti ba tolwin zalla ba ne. Haka masu neman man ƙananan jiragen sama, shuɗin nan mai suna 100LL. Har yanzu akwai dalma a cikinsa. Dalma ita ce maganin ƙwanƙwasa na farko da duniya ta runguma, tun da Thomas Midgley ya gano tasirinta a 1921 a ɗakin binciken General Motors, aka fara sayar da fetur mai ita a 1923. Ta yi aikin da aka ɗauke ta, ta kuma shiga jinin yara a duk faɗin duniya tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci, kusan shekara ɗari. Wanda ya zuba man jirgi a motar zamani zai kashe matatar hayaƙinsa cikin ɗan lokaci, sannan ya mayar wa mutanen da ke bayansa gubar da aka sha wuya kafin a kawar. Wannan ba na iya yi masa uzuri.

Etanol kuwa, wato sinadarin barasa da ake gaurayawa da fetur, labarinsa daban ne, kuma ban ƙi shi ba. Oktansa ya kai wajen 108 a lissafin RON, kuma idan yana zama tururi yana sanyaya iskar da ke cikin silinda, abin da injin turbo ke matuƙar so. Shi ya sa masu tsere ke son E85, cakuɗin da etanol zai iya kaiwa kashi 85. Amma a lita ɗaya ƙarfinsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka injin yana bukatar ƙarin mai da kamar kashi 30 cikin ɗari kafin wutar ta daidaita. Idan famfon mai da injekta masu fesa shi da lissafin kwamfuta ba a shirya su domin haka ba, cakuɗin zai yi ƙarancin mai, zafi ya hau, ka dawo inda kake gudu. E10, mai kashi goma, wanda Birtaniya ta mai da shi man yau da kullum a Satumbar 2021, yawancin motocin zamani suna shan sa lafiya, illa shan mai ya ɗan ƙaru. Sai dai etanol yana jan ruwa daga iska. Motar gudu da ake ajiyewa wata da watanni ana fito da ita jefi-jefi, ruwan yana iya haɗuwa da etanol su kwanta a gindin tanki, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktansa ya faɗi. Ko babu etanol, man da ya daɗe a tanki sassansa masu saurin tashi sukan gudu. Kada a fito da motar da ta yi rabin shekara a ajiye a gwada gudunta da tsohon man da ke ciki.

To idan mutum yana kan hanya, man da motarsa ke nema babu shi fa? Abin da nake gaya wa masu kawo mini aiki shi ne su zuba iya abin da zai kai su gaba, kada su cika. Su tuƙa da sassauci, ƙafa rabin totur, ba hawan tudu da babbar giya, ba wuce manyan motoci da ƙarfin tsiya. Da zarar sun sami mai kyau su cika tanki, domin man biyu idan suka gauraya lambarsu takan tsaya a tsakani gwargwadon yawan kowanne. Wanda kuma ya san cewa a inda yake zaune babbar lamba ba ta samuwa a kai a kai, gaskiyar da zan faɗa masa ita ce ya tuna da wannan tun kafin ya sayi motar. In ya riga ya saya, akwai masu iya tsara kwamfutar ta dace da ƙaramar lamba, a rage matsin turbo, a haƙura da wasu dawakan. Akasin abin da aka yi wa matashin nan ke nan.

Mun gama ɗaura injinsa a makon jiya, na sa aka mayar da kwamfutar yadda kamfani ya tsara ta. Bayan injin ya ɗan saki jiki, na jona na'urar dubawa a ƙarƙashin sitiyari, na ba shi ya riƙe, muka hau wani tudu da ragowar tsohon man. Ya ga da idonsa yadda kwamfuta ke jan tartsatsi baya da digiri biyar, shida, alhali kunnenmu bai ji komai ba. Muka zuƙe tankin muka zuba wanda takardar ta ce, muka sake hawa tudun nan da giyar ɗazu, lambar digirin ta tsaya kusa da sifili. Ya daɗe yana kallon na'urar bai ce uffan ba, can ya tambaye ni ko zai iya sayen irinta ya ajiye a mota. Na ce masa ƙwarai, kuma na nuna masa layin da zai riƙa dubawa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, guda biyu ne. Duk lokacin da jaridarku za ta gabatar da wata mota ga masu karatu, a faɗi lambar oktan da take bukata tare da haruffan lissafin, kamar yadda ake faɗin ƙarfin doki da girman injin. Sannan ku taya mu kira ga masu sayar da fetur su riƙa rubuta lambar man a jikin famfo ɓaro-ɓaro, inda direba zai gan ta daga kujerarsa, kuma hukumomin da ke sa ido su riƙa ɗibar man suna gwadawa ko ya kai abin da aka rubuta.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani makaniken motoci mai karanta jaridarku